Dajin Amazon da na Kongo ba na masu shi kaɗai ba ne

Gaskiya wannan rahoto naku kan yadda ake sare dajin Amazon ya tayar min da hankali matuƙa, kuma abin da ya fi damuna shi ne masu cewa wai ina ruwanmu da dajin da ke Brazil. Akwai ruwanmu mana! Bishiyoyin nan fa su ke zuƙe iskar kabon su adana ta a jikinsu, ranar da aka sare su aka cinna musu wuta duk sai ta koma sama zafi ya ƙaru, kuma zafin nan ba ya tsayawa a kan iyakar wata ƙasa, kowa zai ɗanɗana. Yawancin saran ma don a samu filin kiwon shanu ne, a Indonesiya kuma gonakin kwakwar manja ne suka cinye daji.

Sannan don Allah ku riƙa kawo labarin dajin Kongo, shi ne na biyu a girma a cikin dazukan yankuna masu zafi da yawan ruwan sama a duniya amma da wuya ka ji ana maganarsa, alhali ƙasar fadamar da ke cikinsa kaɗai tana riƙe da kabon kusan tan biliyan 30, in aka bari ta bushe wallahi sai dai mu ce Allah ya kyauta.

A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Glasgow a 2021 ƙasashe sama da 100 suka yi alkawarin dakatar da sare dazuka kafin 2030. Ni dai a ganina a fara tabbatar wa mutanen da ke zaune cikin dajin tun kakanni haƙƙin ƙasarsu, domin inda suke riƙe da ita sara ya fi raguwa sosai.