Kafin ka zargi maƙwabci, kashe wutar gidanka ka saurara

A daren Asabar da ta wuce na ji wani matashi mai rediyon sha'awa, wato irin wadda ake hira da ita ta iska, yana kiran CQ, kiran neman duk mai ji ya amsa, a kan zangon mita 40, muryarsa ta cika wurin saboda amfilifayar da ya haɗa, wato na'urar ƙara ƙarfin watsawa, tashoshin Turai suna amsa masa ɗaya bayan ɗaya, suna maimaita lambar kiransa mai farawa da 5N, alamar Najeriya, shi kuwa bai ji ko ɗayansu ba, ya ci gaba da kira a kansu har suka gaji suka watse. Da na ziyarce shi na tarar allurar ma'aunin rediyonsa tana tsaye cak a kan S9, matakin sigina mai ƙarfi sosai, alhali babu mai magana, ƙara ce kawai take ta shuuu. Kafin in zauna ya riga ya yanke hukunci: laifin mai waldan bakin layi ne, laifin kamfanin wuta ne, laifin maƙwabcin da ya kafa sola ne. A ƙarƙashin teburinsa kuwa ga inbata tana aiki, ga cajojin waya a jere a soket guda da rediyon, ga ƙwan LED a saman kansa.

Ƙannena masu sha'awar rediyo, wannan halin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya fara zama ruwan dare a tsakaninku. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutum zai kwana yana tsine wa unguwa, zai tara kuɗin wata da watanni ya sayi sabuwar rediyo, amma ba zai iya tashi ya yi gwajin da ba ya cin ko sisi ba, wato ya ɗora rediyon a kan batir, ya kashe babban makunnin gidan, ya kashe inbata da na'urar cajin sola, sannan ya dubi allura. Da muka yi hakan a gidan yaron nan, allurar ta faɗo daga S9 zuwa S3. A ƙa'idar da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ta amince da ita a 1981, kowane mataki na S desibel 6 ne a ma'aunin ƙarfin sigina, saboda haka matakai shida desibel 36 ke nan, wato ƙarfin ƙarar ya ragu kusan sau 4,000. Ku gwada wannan da amfilifayar da ya kashe wa dukiya: daga wat 100 zuwa wat 400 mataki ɗaya tak ake samu, shi ma a kunnen wanda ake kira, ba a kunnen mai kiran ba. Ya ƙara wa bakinsa ƙarfi ya bar kunnensa a toshe, kuma yana mamakin abin da ya sa ba a kula shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙara ba ta ɓoye kanta ga wanda ya natsu ya saurara. Cajar waya da inbata da ƙwan LED duk suna aiki ne ta hanyar datse wuta da sake ta sau dubbai a daƙiƙa guda, shi ya sa ƙararsu take bayyana a jere, ka ji ta nan, ka matsa 'yan kilohaz goma-goma ka sake jin ta, kuma takan ɗan yi yawo yayin da na'urar take ɗumama. Na'urar cajin sola tana tashi da hantsi ta kwanta da faɗuwar rana. Janareta mai fetur yana ƙyas-ƙyas daidai da gudun injinsa saboda tartsatsin fulogi. Wayar lantarki mai tartsatsi a kan falwaya tana da gurnani mai kauri, sau 100 a daƙiƙa tunda wutarmu mai haz 50 ce, tana ƙaruwa da bushewar hunturu, kuma sau da yawa takan lafa idan ruwan sama ya jiƙa ƙarafan. Tsawar damina kuwa daga Allah take, babu wanda za a kai ƙara. Duk wannan karatu ne da ake yi da kunne da littafin rubuta lokaci, amma yaranmu sun fi son su ɗauki hoton allura su watsa a WhatsApp suna tambayar wace rediyo za su saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ina amfanin mai ɗakin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufinsa ba?

Da za ku fasa ɗaya daga cikin cajojin nan na bakin titi, da kun ga abin takaici da idonku. A jikin allon akwai gurbin da aka zana domin kayan tace ƙara, har da ramukansu, amma babu komai a ciki sai guntuwar waya da aka ɗinke wurin da ita don a rage kuɗi. Araha ba ta ado. Mai shigo da irin wannan kaya ya ci ribarsa ya tafi, ya bar wa unguwa guda ƙaramar tashar watsa hayaniya, wayar cajar kuma ta zama eriyarta. Sai dai kafin ku zagi ɗan kasuwa ku tuna da hannunku kuka saya, kuma ku kuka jona ta kusa da rediyon da kuka biya dubban ɗaruruwa a kanta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu kuma sun samu mafaka a FT8, tsarin da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, wanda kwamfuta take tsamo saƙo da shi ko da ya nutse ƙasa da ƙara. Ba na raina fasahar, amma na ga yadda ta zama uzurin malalaci, mutum yana tara ƙasashe a allo yana latsa waya da ɗaya hannun, bai san ɗakinsa ya kurumce ba sai ranar da ya nemi jin muryar ɗan Adam.

Idan an kashe komai na gida ƙarar ba ta motsa ba, a nan ne mutum yake da bakin duban waje, kuma nan ma da ƙafa ake yi. Ƙaramar rediyon hannu ta matsakaicin zango ta isa a fara da ita, domin sandar da ke cikinta tana da ɓangaren da ƙara take dusashewa idan an juya ta, wannan kuma yana nuna layin da ƙarar take fitowa. Idan an kusa, sai a hau sama zuwa zangon jiragen sama, megahaz 118 zuwa 137, inda tartsatsi ba ya jiyuwa sai daga kusa. Wanda ya gano falwayar ya rubuta lambarta ya kai wa masu wuta cikin ladabi. Kada wani ya kuskura ya hau ko ya doke ta da sanda, domin babu hirar rediyon da ta kai ran mutum. Kayan cikin gida masu ƙara kuwa, wani a zubar da shi a sayi mai kyau, wani a naɗa wayarsa a zoben ferayit mai rage ƙara, a nisanta eriya daga ginin. Sauran dabarun suna wurin manyanku, ga duk wanda girman kai bai hana shi tambaya ba.

Mu da muka tashi muna ganin iyayenmu sun kara rediyo a kunne da asuba suna laluben BBC Hausa a gajeren zango, mun san lokacin da guntuwar waya a kan bishiyar darbejiya take jawo muryar Landan tar. Wancan shirun ya tafi, kuma gidajenmu ne suka kore shi. Amma abin da ya fi shirun ciwo shi ne tafiyar haƙurin mutanen da. Dattawan wannan fanni sukan daɗe suna sauraro kafin su taɓa makirfo, sukan tambaya ko akwai mai amfani da wurin kafin su yi kira, kuma idan ƙara ta fito daga gidan maƙwabci sukan je da sallama, su sayi sabon ƙwan lantarki da kuɗinsu su sauya masa, a rabu ana godiya. Yanzu yaro bai duba soket ɗinsa ba ya je yana buga ƙofar dattijo da zargi, ya ɓata zumuncin shekaru a kan abin da yake ƙarƙashin teburinsa, gobe kuma idan eriyarsa ta buƙaci ratsa katangar mutumin ya rasa bakin roƙo.