Tsakanin Tona Asiri Da Rufin Asiri

Labarin bincike sana'arsa tona asiri. Wani ya ɓace, ko an tsinci wasiƙa ba suna, mai karatu ya bi sawu har gaskiya ta yi halinta. Iyalin da aka kora daga gidan haya kuwa abu ɗaya suke roƙo: rufin asiri. Marubutan da ke haɗa waɗannan biyun a littattafan matasa sun kama bakin zaren, sai dai da yawansu suna sakinsa a babin ƙarshe.

Yarinyar da iyalinta ke kwana a mota ba sai an koya mata bincike ba. Ta san lokacin da mai gadi ke zagaye, ta san banɗakin da ake bari a buɗe da asuba, tana duban fuskar mahaifiyarta ta gane ko yau za a ci abinci. A makaranta kuma ita ce mai ɓatar da sawu: adireshin ƙarya a fom, sabon uzuri kullum don kada ƙawa ta raka ta gida. Idan marubuci ya ba ta wani sirri ta warware, kowane taku da kasadarsa. Ta kai wa 'yan sanda abin da ta gano? Tambayar farko ita ce, "Ina kike zaune?" Amsar na iya sa hukuma ta raba ta da ƙannenta. Wannan fargabar ta fi ta satar lu'ulu'u kama zuciya.

Ba duk irin waɗannan yaran ake gani a bakin titi ba. A Amurka, dokar McKinney-Vento, wadda aka fara kafawa a 1987, tana lissafa yaran da ke raɓe a gidan wasu don sun rasa nasu, da masu kwana a mota ko ƙaramin otal, cikin marasa matsuguni. Ta kuma wajabta wa makarantu karɓarsu ko da babu takardu. Wato yaron na iya kasancewa benci ɗaya da mai karanta littafin.

Inda nake da ja shi ne ƙarshen labari. Sai a gano mugun kawu ya ɓoye takardar gado, a kama shi, washegari ga makullin gida. Na san daɗin wannan, ni ma na sha rufe littafi ina murmushi. Amma abin da ke fitar da mutane daga gida yawanci ba shi da wuyan rigar da za a cafke: haya ta tashi, aiki ya tsaya, jinya ta cinye ajiya, aure ya mutu. Yaron da ke cikin wannan hali zai rufe littafin ya nemi mugun da ya jefa su ciki, ya rasa, sai ya ɗora laifin a kan mahaifinsa.

Za a ce bai kamata a sallami matashi da baƙin ciki ba, kuma na yarda. To a warware sirrin sarai, a gano wanda ya rubuta wasiƙar. A bar malama ɗaya ta san inda yarinyar ke kwana ta kama bakinta, ta nuna wa uwar ofishin da za ta je. Shafin ƙarshe ya same su suna na 14 a jerin masu jiran ɗaki.