Hanyar Hawaye: talauci ne ke tsayar da su a bakin titi

A lardin British Columbia da ke yammacin Kanada akwai titi mai lamba 16, daga Prince George zuwa Prince Rupert, tafiyar sama da kilomita 700 cikin ƙungurmin daji. Mutanen yankin suna kiransa Hanyar Hawaye, saboda matan da suka ɓace ko aka tsinci gawarsu a gefensa tun wajajen 1970. Da yawansu 'yan asalin ƙasar ne, jikokin waɗanda Turawa suka tarar.

An kafa alluna a bakin titin ana gargaɗin 'yan mata kada su tsayar da motar wanda ba su sani ba. To, yarinyar da ƙauyensu ba asibiti, ba aikin yi, gidansu ba mota, kuma babu motar haya, da me za ta je gari? Tun 2006 iyalan mamatan suka nemi a sa bas a hanyar. Sai a 2017 aka fara. Shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa kan bas, a ƙasa mai arzikin Kanada! A ganina wannan jinkirin ya fi kowane jawabi nuna darajar da aka ba rayukansu.

Rahoton 'yan sandan tarayya na 2014 ya ƙirga mata 'yan asali 1,181 da aka kashe ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2012. Mata 'yan asali wajen kashi 4 ne kawai cikin ɗari na matan ƙasar, amma su ne kashi 16 na matan da aka kashe.

Wasu za su ce laifin na makasa ne kawai, kuma sau da yawa na gida ne. Ba a wanke su ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wata dokar Kanada ta 1876 kan 'yan asali ta tanadi cewa 'yar asali da ta auri bare ta rasa matsayinta da haƙƙin zama a ƙasar danginta, kuma sai 1985 aka gyara. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na gwamnati da coci, inda aka ci zarafin da dama. Hukuma ce ta tarwatsa gidajen, ta bar matan ba gata.

Kwamitin binciken ƙasa da gwamnati ta kafa kan kisa da ɓacewar matan nan ya kira abin kisan ƙare dangi a 2019, ya kawo buƙatu 231, ciki har da muhalli, sufuri da kuɗin rufin asiri. Da waɗannan ya kamata a auna gwamnatin Kanada duk shekara: gida nawa ta gina, ƙauye nawa bas ke shiga.