Disamba a Jos da inci biyun da telana ya gano

Jiya na je Bauchi Road karɓar ɗinkin da zan sa a bikin ƙanwar matata. Na zura kaftanin, kafaɗa ta zauna daram, amma wajen ciki sai ka ce an ɗaure bakin buhu. Telan ya ɗauko tef ya zagaya ni, ya leƙa littafinsa, ya ce, "Yallaɓai, da awon bara na yanka. Ba ni na rage ba, kai ne ka ƙaru." Inci biyu cur. Kuma watan ko rabi bai yi ba.

Duk ɗan Jos ya san halin Disamba. Sanyi ya sauko, ɗaurin aure kowace Asabar, wata ranar har uku, ga maƙwabtanmu Kirista da ke aiko da shinkafa da kaji ranar 25, kamar yadda mu ma muke kai musu naman layya. Ban ga laifin ko ɗaya ba, kuma ban yarda cin rana ɗaya ne ke ajiye wa mutum tumbi ba. Abin da ke ajiye shi shi ne mako huɗu na "ɗan ƙara mana".

Kara ce ke cutar da mu. Ka shiga gidan gwaggo ka ce ka ƙoshi, ta riƙe haɓa ta ce, "Au, girkina ne bai kai ba, ko amarya ce ta hana ka?" Kafin ka buɗe baki ta ƙara ludayi biyu, ta ɗora cinyar kaza. Haka za ka ci, ka wuce gidan kawu, a sake sabon lale.

Amma ni babban abin da nake zargi lemon kwalba ne, don shi ba ma lissafa shi a cikin abinci. Ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ke nan kwalba biyu a wurin walima ka riga ka zarce, ba a ma zo kan shayin safe mai madarar gwangwani ba. Kuma ba ya ƙosarwa. Ka shanye, cikinka na nan yana jiran faranti. Sai mai: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Shi ya sa dankalin Bokkos in an dafa shi lafiya lau, da ya shiga kasko tare da cincin da dubulan sai labari ya canza.

Ban ce kowa ya zauna da yunwa ba, ni kaina ba zan iya ba. Dabarar da na koma yi ita ce ba na fita biki da ciki wayam. Nakan sha gwate mai ganye da yawa tukun, kayan lambu kuwa ga su jibge a Farin Gada. A wurin biki nama da ruwa sun ishe ni. Gwaggo kuma na gano maganinta: "Gwaggo, ƙunsa min in tafi da shi, yara ma su ɗanɗana." Ba ta taɓa jin haushin wannan ba, sai ma ta ƙara wa ledar nauyi.

Tafiyar ƙafa ce dai har yanzu muke kokawa. An ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Da asuba kam bargo ya fi ƙarfina, ba zan yi ƙarya ba, don haka na mai da ita bayan la'asar, ina sauka daga keke tun kafin Terminus in ƙarasa da ƙafa.

Telan ya yarda zai buɗe min inci ɗaya kafin Asabar. Ɗayan kuma ya ce babu sauran yadi, sai dai ni in san yadda zan yi.