Duron mai jin ƙarfe ba zai tsinkayi jirgi ta saman kurmin Adansi ba

Tun ranar 6 ga Agusta 2025, da jirgin sojin sama mai saukar ungulu ƙirar Z-9 ya tashi daga Accra zuwa Obuasi ya faɗi a kurmin Adansi Akrofuom da ke Ghana, ake yawan kawo wata shawara a majalisun unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi: gwamnati ta sayi duron, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi, ta rataya masa na'urar jin ƙarfe, duk ranar da jirgi ya ɓata sai a sake shi ya gano tarkacen daga sama. Mutum takwas muka rasa a ranar, ciki har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Shawarar daga zuciya mai kyau ta fito, amma idan aka kashe kuɗi a kanta yadda ake faɗarta, za a sayi kayan da ba za su yi aiki ba a ranar da aka fi bukatarsu.

Na'urar jin ƙarfe iri biyu ce. Ta farko, irin wadda masu neman zinariya ke yawo da ita a hannu, tana aika sigina cikin ƙasa ta saurari amsar da ƙarfe ya mayar. Tana jin alminiyam, wanda shi ne mafi yawan jikin jirgi, sai dai hannunta gajere ne ƙwarai. Dole ta bi kusan mita ɗaya ko biyu daga ƙasa. A kurmin da bishiyoyi ke kai mita 30 zuwa 40, maganarta ma ba ta taso ba.

Ta biyu ita ce magnetomita, wadda aka fi ratayawa a duron. Ba ta aika komai. Ƙarfin maganaɗisun duniya take aunawa, wanda a Ghana ya ɗan haura nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 30,000, tana neman inda baƙin ƙarfe ya ɗan karkatar da shi. Alminiyam kuwa maganaɗisu ba ya kama shi, haka titaniyam, haka robar da ake ƙera fukafukai da ita. Abin da za ta ji a jirgi shi ne haƙoran giyabos, sandar da ke juya farfela, wasu sassan inji da ƙafafun sauka. Jirgi mai nauyin tan huɗu, a wurinta, ɗan tulin ƙarfe ne kawai.

Sai nisa, wanda shi ne ainihin matsalar. Idan ka ninka tazarar da ke tsakanin na'urar da ƙarfen sau biyu, alamar za ta ragu sau takwas. Giyabos ɗin da ya fito fili a mita 5, idan bishiyoyi suka tilasta maka hawa mita 40, alamarsa ta ragu sau 512. Ta nutse ke nan cikin hayaniyar ƙasa. Ƙasar Asante kuma, inda Adansi da Obuasi suke, ba ta da shiru: duwatsun da ke ɗauke da zinariyar Obuasi suna da ma'adinai masu maganaɗisu, jar marmara ma haka. Ƙara da abin da 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka watsar a daji: injin canfan da suke aikin zinariya da shi, famfunan ruwa, gangunan ƙarfe, bokitin motar haƙa. Kowanne zai fito a taswira kamar injin jirgi, kowanne kuma sai an tura mutum da adda ya je ya duba.

A yi lissafin lokaci. Murabba'in kilomita ɗaya, layuka masu tazarar mita 5, layi 200 ke nan, tafiyar kilomita 200. Da gudun mita 5 a daƙiƙa, awa 11 ne a sama, ban da juyawa da sauka. Batir ɗaya da kaya a ƙasansa bai cika wuce minti 25 ba, wato canjin batir kusan sau 27, da janareta a bakin daji. Wanda ya ji rauni yana jiran ceto ba shi da waɗannan awannin.

A awannin farko, abin da ke kai mutane wurin hatsari shi ne na'urar kiran gaggawa ta jirgin, wadda ke aika sigina a megahaz 406 zuwa taurarin ɗan'adam na neman ceto, Cospas-Sarsat, sai bayanin inda rada ta yi masa ganin ƙarshe, sai duron mai kyamarar zafi da ke ganin wuta ko jikin mutum, sai manoman koko da suka ji ƙara ko suka ga hayaƙi. A Adansi an isa wurin a ranar, da ido da ƙafa. Nan ya kamata kuɗin farko ya tafi: a riƙa gwada na'urar kiran gaggawa da batirinta a kan lokaci, a kuma sa kowane ƙauye ya san lambar da zai kira.

Duk da haka ba na cewa a watsar da magnetomita. Aikinta yana zuwa ne daga baya, lokacin da masu bincike ke neman sassan da za su faɗi dalilin hatsari. Sassa masu nauyi su ne ke yin nisa, su nutse a laka, fadama, bakin Tafkin Volta ko ramin galamsey da ya cika da ruwa. A irin wannan fili duron zai iya sauko da na'urar mita 3 zuwa 5 daga ƙasa, ya share wurin da mutum ba zai taka ba.

Amma sai an yi shi bisa ƙa'ida. A rataya na'urar da igiya mita 3 zuwa 5 a ƙasan duron, domin motocin farfelarsa suna da maganaɗisu mai ƙarfi da ke gurɓata awo. A kafa magnetomita ta biyu a ƙasa, nesa da mota da wayar lantarki, tana rubuta sauyin da filin maganaɗisu ke yi daga safe zuwa yamma, a cire shi daga awon duron. Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da Turai, saboda layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa kusa da iyakar arewacin Ghana, kuma a kusa da shi sauyin tsakar rana yana da girma. Saboda wannan dalilin ne alamar ƙarfe a ƙasarmu kan fito a matsayin kwari, ta miƙe gabas da yamma, don haka layukan tashi su bi kudu da arewa. Wanda ya koyi karanta taswira a Kanada zai iya tsallake abin da yake nema. Iska ma tana lilo da igiyar, ta haifar da alamun ƙarya, shi ya sa aikin sassafe ya fi.

Masu wannan ilimi muna da su a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST nan Kumasi, da jami'ar ma'adinai ta Tarkwa, da Hukumar Binciken Ƙasa, da shi suke neman zinariya. Ya kamata hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙulla yarjejeniya da su tun yanzu, Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta tanadi izinin tashi na gaggawa, a binne tsohon giyabos a fadama kusa da Obuasi, a ga ko ayarin zai same shi, a kuma rubuta awa nawa ya ɗauka.