An sallamo ta daga asibiti, amma jinyar ba ta ƙare ba

Assalamu alaikum 'yan uwana na Jidda da Makka. Akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana damuna, ta cika asibiti ranar tiyata sannan mu watse da zarar an sallamo mara lafiya, yau dai sai na faɗa.

Ranar da aka shiga da Goggona tiyata, wallahi barandar asibitin ba wajen zama, kowa da carbi, waya sai ruri take daga Kano da Madina. Ciwon daji ne aka gano mata a kan fankiriyas, wannan tsokar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Da shawara abin ya fara, ido ya yi rawaya, fitsari kamar shayi, jiki na ƙaiƙayi, muna ta jiƙe-jiƙe kafin a gane. Aikin da aka yi mata likitoci na ce masa Whipple, sunan wani likitan Amurka ne da ya bayyana shi a 1935, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, ana cire kan fankiriyas ɗin da farkon ƙaramin hanji da matsarmama da wani ɓangare na bututun da ruwanta ke bi, sannan a sake ɗinke ragowar da hanji. Ta fito lafiya, aka yi hamdala, aka yi sadaka. Bayan sati biyu kowa ya kama gabansa.

To a nan fa wahalar ta soma. Akwai wanda wajen ɗinkin ke yoyo ya daɗe da roba a ciki, akwai wanda tumbinsa ke jinkirin sauke abinci, cokali uku ya ƙoshi, ga tashin zuciya ga amai. Ita Goggo na biyun ne ya same ta. Daga baya gudawa mai maiƙo ta biyo, saboda jiki ya daina narkar da kitse yadda ya kamata, dole sai da ƙwayoyin Creon masu taimaka wa narkewa a duk cin abinci. Wasu ciwon suga ke kama su bayan aikin. Ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na wajen wata 6, ga hoto da gwajin jini da za a yi ta komawa shekara da shekaru don ciwon yana iya dawowa. Ran nan na ga zoben da ta shekara 30 da shi ya zame daga yatsanta ya faɗi kan darduma tana lazimi, ta ɗauka ta ɗaure a bakin mayafi ba ta ce komai ba. Ni ce na fita na yi kuka.

Sai mai zuwa dubiya ya zo sau ɗaya da tiren kabsa mai kitse yana cewa "Hajiya daure ki ci mana, ai an gama aiki." Dan Allah mu bari. Ba shagwaɓa take ba, cikin ne ya canza. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana tilasta wa marasa lafiya cin abinci. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, haka likita ya ce.

Masu cewa a ajiye ƙwayar asibiti a riƙe zamzam da habbatussauda, ku ji tsoron Allah. Ta sha zamzam da niyyar waraka, ta sha maganinta, ɗaya bai hana ɗaya ba. Haka azumi, kar a sa mata jin kunya, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185.

Hadisin da ke cikin Muslim shi ke hana ni barci, inda Allah zai ce ranar ƙiyama ya ɗan Adam na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Mu da muke keta cunkoso mu yi ɗawafi, a ce gidan mai jinya a Sabil ko Shara Mansur ya yi mana nisa?

Wani abin ba kuɗi ba ne ma. Ka kai ta ganin likita, ki kwana ɗaya ki hutar da 'yarta da ta bar aiki saboda jinya. Goggo tana da komawa hoto ran Talata, har yanzu ban samu mai mota ba. Allah ya ba ta lafiya da duk marasa lafiyarmu.