Sojan da ya sauke bindiga da sojan da ya juya ta

A daren 3 ga Disamban 2024 shugaban Koriya ta Kudu, Yoon Suk Yeol, ya ayyana dokar soja, ya tura dakaru na musamman majalisar dokoki a birnin Seoul. Jirage masu saukar ungulu suka sauke su a harabar majalisar, wasunsu suka fasa taga suka shiga. Ma'aikata suka tokare ƙofofi da kujeru da tebura, suna fesa musu abin kashe gobara. Da sojojin nan sun ga dama, kujera ba ta isa ta tare su ba. Amma ko harsashi ɗaya bai tashi ba. 'Yan majalisa 190 suka samu shiga zaure, suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, kafin gari ya waye magana ta mutu. Da kotun tsarin mulki ta tsige Yoon ranar 4 ga Afrilun 2025, ta ambaci abu biyu da suka ba majalisa wannan dama: tsayin dakan jama'a, da jan ƙafar da sojoji da 'yan sanda suka yi wajen zartar da umarni.

Ina tare da waɗannan samari. Wanda aka ba bindiga da kuɗin jama'a, aka rantsar da shi kan kare tsarin mulki, ba a raba shi da hankalinsa ranar da ya sa kaki ba. Sai dai ra'ayina yana da iyaka, kuma a kan iyakar ne ake yawan zamewa.

Dokar duniya ta daɗe da yanke wannan magana. A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, wadda aka yi wa shugabannin Nazi bayan yaƙin duniya na biyu, manyan hafsoshin Jamus sun kawo uzurin da kowane soja ya sani: umarni ne daga sama. Kotu ba ta karɓa ba, domin sashe na 8 na dokar da ta kafa ta ya ce umarnin shugaba ba ya wanke mutum, iyakarsa ya jawo sassauci. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta haifi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ta fayyace a sashe na 33 cewa umarnin kisan ƙare dangi ko laifin cin zarafin bil'adama haramcinsa a bayyane yake, babu mai cewa bai sani ba. Musulmi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Sananne ne hadisin rundunar da kwamandanta ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kawai take.

Kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce "a bayyane". Ranar 29 ga Oktoban 1956 aka sa dokar hana fita a ƙauyen Kafr Kasim da ke Isra'ila, daga ƙarfe biyar na yamma. Mutanen ƙauyen, Larabawa, da yawa suna gona da wuraren aiki, ba wanda ya sanar da su. Suna dawowa, a ƙafa da kan keke da cikin motoci, 'yan sandan kan iyaka suka tare su a bakin gari suka buɗe wuta. Kusan mutum 50 suka rasu, har da mata da yara. A ƙauyukan da ke kusa an ba wasu jami'ai umarni iri ɗaya, ba su aikata haka ba. Alƙalin da ya yi shari'ar, Benjamin Halevy, ya ce irin wannan umarni yana ɗauke da baƙar tuta a kansa, duk mai ido da zuciya zai gan ta. Ba sai ka karanta doka ba kafin ka san cewa manomin da ke dawowa daga gona bai cancanci harsashi ba. Harbin masu zanga-zanga da ba makami a hannunsu, azabtar da wanda ke tsare, ɓatar da mutum, kulle majalisa ko kotu da ƙarfin bindiga, duk suna cikin wannan sahu.

To amma idan aka buɗe ƙofar ta zama duk abin da soja ko ɗan sanda ya ga a ransa ya saɓa wa tsarin mulki yana iya ture shi, an shiga wani hatsarin. Tsarin mulki cike yake da wuraren da manyan alƙalai kansu ke rabuwa biyu a kai. Ko dokar haraji ta halatta, ko zaɓe ya inganta, ko wa'adin shugaba ya ƙare, wannan aikin kotu ne da majalisa da masu jefa ƙuri'a, ba a warware shi a bariki.

Dubi Gini. Shugaba Alpha Condé ya sauya tsarin mulki a 2020 don ya samu wa'adi na uku, kuma ya yi ba daidai ba. Ranar 5 ga Satumban 2021 Kanar Mamady Doumbouya ya kifar da shi da sunan ceto ƙasa. Cikin sanarwarsa ta farko ya jingine tsarin mulkin gaba ɗaya. A Amurka ma, ƙungiyar Oath Keepers da Stewart Rhodes ya kafa a 2009 ta tara tsofaffin sojoji da 'yan sanda kan alkawarin ƙin bin umarnin da suke ganin ya saɓa wa tsarin mulki. Ƙarshenta mambobinta na cikin waɗanda suka afka wa ginin majalisar ƙasar ranar 6 ga Janairun 2021 don hana tabbatar da sakamakon zaɓe, kotu kuma ta samu Rhodes da laifin haɗa baki don tayar wa gwamnati tawaye. Sun fara da cewa ba za su bi ba, suka ƙare da cewa dole a bi su.

A nan nake jan layi. Ƙin bin umarni shi ne ka sauke bindiga, ka faɗa wa na gaba da kai cewa wannan ba za ka yi ba, ka tsaya a yi maka shari'a idan ta kai ga haka. Ranar da ka juya bakin bindigar zuwa fadar gwamnati, ko ka ɗauke ta don tilasta fassararka ta doka a kan kowa, ka fita daga sahun masu ƙin zalunci.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake saka wa masu sauke bindigar. Manjo Janar Xu Qinxian ya ƙi jagorantar runduna ta 38 zuwa Beijing a 1989 don murƙushe ɗalibai, kotun soja ta ɗaure shi shekara 5. Hugh Thompson, matuƙin jirgin da ya sauka tsakanin sojojin ƙasarsa Amurka da mutanen ƙauyen My Lai na Vietnam a 1968 don tsayar da kisan kiyashin da sojojin ke yi, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo, bayan shekarun tsangwama. William Calley, hafsan da aka samu da laifin kisan My Lai kuwa, ɗaurin talala na kimanin shekara uku da rabi ya yi a gida. Waɗanda aka ɗaure kan Kafr Kasim ma, kafin ƙarshen 1960 duk sun fito.

Idan janar ya sha haka, ina ga kurtun da bai wuce shekara ashirin ba, wanda saje ke daka wa tsawa, jama'a na ta ihu a gabansa? Gaba kura baya sayaki: ya ƙi, kotun soja, ya bi, alhakin rai a wuyansa har abada. Bai dace a bar shi da wannan nauyi shi kaɗai ba. A koya masa tun a makarantar horo irin umarnin da ba a bi, da misalai, kamar yadda ake koya masa kwance bindiga da haɗa ta. Duk umarnin amfani da harsashi mai rai kan farar hula ya zo a rubuce, da sunan wanda ya bayar. Dokar soja da ta 'yan sanda su faɗa ƙarara cewa wanda ya ƙi umarnin da haramcinsa ya bayyana ba za a kore shi ko a rage masa girma ba. Idan kuma aka zubar da jini, bincike ya fara daga ofishin da umarnin ya fito, kafin a sauko kan wanda ya danna kunama.